Gwiwar Hannun Kare da Ciwon da Ke Kama Ta

Kowa ya san kare mai ɗingishi. In an gan shi sai a ce ƙaya ya taka, ko yara sun jefe shi da dutse, ko kuwa ya yi targaɗe wajen bin zomo. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai wani ɗingishi dabam, wanda ke fitowa daga cikin ƙashi tun kare yana ɗan kwikwiyo. Manyan karnukan ƙasashen waje ya fi kamawa.

Wani zai ce, to, ina ruwanmu da karnukan Turawa? Da ruwanmu. Irin karnukan nan sun yi yawa a biranenmu, ana ajiye su don tsaron gida. Mutanen ƙauye da yawa su kan tafi birni aikin gadi, a ɗora musu ciyar da su da zagayawa da su. Ranar da kare ya soma ɗingishi, mai gadi a kan fara tuhuma, a ce shi ya buge shi. Waɗansu maharba kuma su kan kai karyarsu wurin irin karen nan, don su sami 'ya'ya ƙatta. Saboda haka gara mu san ciwon nan, mu san daga inda ya ke tasowa.

Ina gwiwar ta ke?

Kowa ya lanƙwasa hannunsa na dama. Ku sa yatsun hagu ku taɓa tsinin ƙashin nan da mutum ke dogarawa a kansa in ya kishingiɗa. Wannan ita ce gwiwar hannu. Kare ma yana da ita, domin ƙafafunsa na gaba su ne hannuwansa.

A nan mutane su kan ruɗe. In an ce su nuna gwiwar ƙafar gaba ta kare, sai su nuna gaɓar nan ta ƙasa, wadda ke kusa da dagi. Wannan kuwa wuyan hannunsa ne, gama kare a kan yatsunsa ya ke tafiya. Gwiwar hannunsa tana can sama, manne da ƙirji. In ya kwanta rub da ciki ya miƙe ƙafafu gaba, ita ce ke dafe da ƙasa.

Gaɓar nan tana shan aiki. Kan kare da wuyansa da ƙirjinsa duk a gaba su ke. In an raba nauyinsa kashi 100, wajen kashi 60 ƙafafun gaba ke ɗauka, na baya su ɗauki 40. In ya diro daga kan katanga ko daga bayan mota, ƙafafun gaba ke fara sauka.

Ƙasusuwa uku

Ƙasusuwa uku ke haɗuwa a gwiwar hannu. Na fari shi ne ƙashin dantse, wanda ya sauko daga kafaɗa. Sauran biyun su ne na sangali, suna jere da juna daga gwiwa har wuyan hannu. Ɗaya yana gaba, likitoci suna ce masa radiyas. Ɗaya yana baya, suna ce masa alna. Mu a nan za mu riƙa cewa ƙashin gaba da ƙashin baya.

Ƙarshen ƙashin dantse kamar ɗan ƙaramin kalangu ya ke wanda aka kwantar a gicciye, gefe da gefe da kauri, tsakiya a tsuke. Ƙashin gaba yana da kai mai ɗan faɗi, kalangun nan yana zaune a bisansa. Ƙashin baya kuwa yana da wani kwarmi mai kama da jinjirin wata, ya rungume kalangun ta baya.

Jinjirin wata bakinsa biyu ne, na sama da na ƙasa. Na sama ya yi ƙugiya kamar bakin shaho. In kare ya miƙe ƙafarsa, sai ƙugiyar ta shige wani ɗan rami a bayan ƙashin dantse, ta kulle gaɓar don kada ta goce gefe. Na ƙasa kuwa ya yi ɗan leɓe. Leɓen ya fi girma ta wajen ciki, watau ta gefen ƙirji, yana tallafe da kalangun tare da kan ƙashin gaba. Ku riƙe kalmomin nan biyu, ƙugiya da leɓe. Za mu komo kansu.

Duk wurin da ƙasusuwan su ke gogar juna, akwai guringuntsi a shafe a kai. Shi ne farin abin nan mai santsi da yara su ke son taunawa a bakin ƙashi. Cikin gaɓar kuma akwai wani ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, yana sa ƙasusuwan su riƙa sulɓewa. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini. Don haka in ya lalace, da ƙyar ya ke gyaruwa.

Ba sai an taɓa kare za a ga wannan ba. Malamin aji ya iya neman ƙashin hannun akuya wurin mahauci, a kankare naman, kowa ya duba. Za ku ga kalangun, ku ga jinjirin watan da ƙugiyarsa. Abu guda ne ya bambanta. A jikin babbar akuya ƙashin gaba da na baya sun manne da juna, sun zama kamar ɗaya. A jikin kare ko wanne zaman kansa ya ke yi, jijiyoyi ne suka ɗaure su. Ko wanne kuma da nasa girman. To, nan maganar ta ke.

Yadda gaɓar ke karkacewa

Ƙashin ɗan kwikwiyo daga wajen bakinsa ya ke ƙara tsawo. A can akwai wani siririn guringuntsi mai tsiro, yana ƙaruwa, yana rikiɗa ƙashi a hankali. Sa'ad da kare ya kai wajen shekara guda, ko shekara da rabi in babba ne ƙwarai, sai wuraren nan su rufe, girma ya tsaya.

Babban kare yana girma da sauri mai ban mamaki. Irin wanda a ke ce wa Rotwaila, a kan haife shi bai cika wuce rabin kilo ba. Kafin shekara ta kewayo ya kai kilo 40 ko fiye. Ɗan Adam ya kan yi fiye da shekara goma kafin ya kai haka. Cikin wannan gaggawa tilas ƙashin gaba da na baya su riƙa tafiya tare, kada wani ya riga wani.

Ku dubi mutum biyu sun ɗauko azara guda a ka. In tsayinsu ɗaya ne, sun raba nauyin. In ɗaya ya ɗara, shi zai sha wuya, gajeren yana tafe ba ya jin kome. Haka kan ƙashin gaba da leɓen ƙashin baya su ke a ƙarƙashin ƙashin dantse. In ƙashin gaba ya gaza, sai nauyi ya taru a kan leɓe. In ƙashin baya ne ya gaza, sai ƙashin gaba ya tura ƙashin dantse sama, ya matse ƙugiya.

Ba wani babban bambanci a ke nufi ba. Ku duba rula. Tsakanin ƙananan zane biyu milimita 1 ke nan, guda 10 su ke yin santimita 1. Tazarar milimita 2, watau kamar ƙwayar gero, ta isa ta ɓata gaɓar kare har iyakar ransa.

Wani lokaci kuma tsawon ƙasusuwan daidai ya ke, siffar kwarmin ce ba ta yi ba. A shekarar 1986 wata likitar dabbobi a Amurka, Alida Wind, ta yi bayani cewa a jikin waɗansu manyan karnuka jinjirin watan nan ya kan tsuke, ya yi wa kalangun kaɗan. Maimakon kalangun ya zauna sosai a tsakiya, sai ya riƙa gogar bakin sama da na ƙasa, tsakiyar ta zama fanko. Kamar murfin da ya yi wa tukunya kaɗan ne, a tura shi da ƙarfi.

Likitoci suna kiran ciwon nan gaba ɗaya displeshiya ta gwiwar hannu. Kalmar daga Girkanci ta ke, ma'anarta abin da ya ginu a karkace.

Ɓarnar da ke biyo baya

Ɓarnar iri uku ce. Wadda ta fi yawa ita ce ta leɓe. Kullum nauyi yana danna shi, sai ƙashin ya yi 'yan ƙananan tsagu waɗanda ido ba ya gani. Tsagun su yi ta haɗuwa, har wani ɗan guntu ya ɓalle. Guntun ba shi da girma, wani kamar ƙwayar dawa, wani kamar wake. Amma a cikin gaɓa ya ke. Wanda ya taɓa tafiya da tsakuwa a takalmi ya san abin da a ke nufi, sai dai shi ya kan tsaya ya kakkaɓe. Kare ba shi da iko. Ko wane taki ya yi, guntun yana kankare guringuntsin ƙashin dantse da ke fuskantarsa. In abin ya daɗe, guringuntsin gefen ciki ya kan cinye ƙaf, ƙashi ya koma gogar ƙashi tsirara. Wannan shi ne mafi zafi.

Ta biyu ita ce ta ƙugiya. A jikin waɗansu manyan karnuka ƙugiyar dabam ta ke somawa, guringuntsi ne ke riƙe da ita, sa'an nan daga baya ta haɗe da ƙashin baya. Ya kamata ta haɗe kafin kwikwiyo ya cika wata 5. In ana matsa ta kullum, sai ta ƙi haɗewa, ta zauna tana motsi kamar haƙori mai girgiɗi. Karen Alseshan ya yi suna a kan wannan.

Ta uku, guringuntsin kalangun ne ya kan yi kauri a wuri guda, ya kasa zama ƙashi ta ƙarƙashi, ya ɗago kamar ɓawo.

Ko wacce ta faru, ƙarshenta ɗaya ne. Gaɓar ta kan kumbura, sabon ƙashi mai kaushi ya tsiro a gefe-gefenta, ta sandare. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai, irin wanda tsofaffi ke kuka da shi. Sai ga shi a jikin kare ɗan shekara biyu.

Gado ne

Karen Alseshan daga Jamus ya fito. Wani hafsan soja mai suna Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, don a sami karen kiwon tumaki mai hankali. Rotwaila ma na Jamus ne, sunan wani gari ya ci, Rottweil, inda ya ke kora wa mahauta shanu. Labrado kuwa a Ingila aka gyara irinsa, don ya riƙa ɗauko wa maharbi tsuntsun da ya harbo. Yanzu shi a ka fi koya wa yi wa makafi jagora. Dukansu mutane ne suka zaɓi iyayensu, tsara bayan tsara, suna neman girma da ƙira da hali. Cikin gwiwa kuwa ba wanda ke gani. Ta haka aibin ya bi su.

Sai da aka soma ɗaukar karnuka hoton ƙashi sa'an nan aka gane. Ciwon ƙugiya aka fara sani, wajen ƙarshen shekarun 1950. Na leɓe ya fi ɓuya. Wani likita a ƙasar Suwidin, Sten-Erik Olsson, yana cikin waɗanda suka bayyana shi a shekarun 1970. A 1989 likitoci da masu kiwon karnuka daga ƙasashe dabam-dabam suka taru a garin Debis na Kalifoniya, a Amurka, suka kafa ƙungiya don ciwon nan kaɗai. Suka shirya ma'auni na duba hoto. Gwiwa lafiyayya 0 ce. In sabon ƙashin da ya tsiro bai kai milimita 2 ba, mataki na 1 ke nan. Daga milimita 2 zuwa 5, mataki na 2. Abin da ya wuce 5, mataki na 3.

A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna OFA, wadda aka kafa a 1966. Tun 1990 ta ke tara hotunan gwiwar karnuka. Cikin hotunan da aka kai mata, an sami ciwon a jikin Rotwaila fiye da ɗaya cikin uku, Alseshan wajen ɗaya cikin biyar, Labrado wajen ɗaya cikin goma. Ta kuma bi 'ya'ya ta duba iyayensu. In uwa da uba duka lafiyayyu ne, wajen 'ya'ya 12 cikin 100 ke fitowa da ciwon. In dukansu suna da shi, fiye da 40 cikin 100.

Ku lura da lissafin nan da kyau. Abu biyu ya ke nunawa. Haɗa masu ciwo da masu ciwo yana ninka ɓarna fiye da sau uku. Amma ko lafiyayyun iyaye su kan haifi mai ciwo, domin gadon ba ta hanya guda ya ke bi ba, ya kan ɓuya a jikin uwa ko uba ya fito a jikin ɗa. Don haka masu lura har 'yan'uwan kare su ke tambaya. A Suwidin an riƙa ɗaukar Rotwaila hoto ana kuma rubuta sakamakon inda kowa zai gani, masu kiwo suka riƙa guje wa masu ciwo. Ciwon ya ragu a can, ko da ya ke bai ƙare ba.

Namiji ya fi mace kamuwa, wajen ninki biyu. Shi ya fi nauyi, ya kuma fi saurin girma.

Abinci

Gado shi ne tushe, amma abinci ya kan ƙara wa wuta itace. Mai gida ya sayi kwikwiyo da kuɗi mai yawa, yana so ya gan shi ya yi ɓul-ɓul, ya fi na maƙwabci. Sai ya ce a cika masa kwano, kada ya rasa. Wannan ƙauna ce mai cutarwa. Kwikwiyon da aka ɗura wa abinci ya kan yi girma da gaggawa, nauyi ya hau kan ƙashin da bai ƙosa ba. Wanda aka auna wa abinci, shi ma zai kai girman da zai kai, sai dai a hankali.

An gwada wannan a Amurka da karnukan Labrado 48. Aka raba su biyu-biyu, ko wane da ɗan'uwansa. Ɗaya a ba shi abinci sosai, ɗayan a rage masa kashi ɗaya cikin huɗu. Aka bi su har iyakar ransu, aka ba da sakamakon a 2002. Waɗanda aka rage wa abinci sun fi tsawon rai da kusan shekara biyu, amosanin gaɓɓai kuma ya yi jinkirin kama su.

Ga yadda za ka gane ƙiba. Ka shafa gefen ƙirjin kare. In ka ji haƙarƙarinsa ba tare da ka danna ba, daidai ya ke. In sai ka danna, abinci ya yi yawa.

Akwai wani abu mai gina ƙashi, sunansa kalsiyam. Yana cikin madara da ƙashi da ɓawon ƙwai. Mutane su kan ce, tun da yana gina ƙashi, bari a ƙara. A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan an gwada a kan manyan kwiyakwiyai, aka ga yawansa yana ɓata guringuntsi mai tsiro. Cikin ƙaramin kwikwiyo bai iya tace shi ba tukuna, duk abin da aka ba shi sai ya shige jiki. Saboda haka in ana ba kwikwiyo abincin karnuka na buhu wanda aka haɗa don masu tasowa, kada a ƙara masa garin ƙashi ko ƙwayar kalsiyam. In kuwa tuwo da nama zalla ya ke ci, rashi ne abin tsoro, gama tsokar nama ba ta da kalsiyam sosai, ƙashi ya kan yi laushi. Wannan sai a tambayi likitan dabbobi abin da za a ƙara, da yawansa.

Yadda a ke gane ciwon

Ya kan bayyana tsakanin wata 5 da shekara guda. Waɗansu kuwa ba a lura sai sun manyanta, amosani ya riga ya kama.

Kwikwiyon ya kan tashi daga barci a sandare, ya yi 'yan taku yana ɗingishi, sa'an nan ya ɗan warware. In ya yi guje-guje da yamma, gobe da safe abin ya fi tsanani. Ka tsaya a gabansa wani ya jawo shi. Ka dubi kansa. In ya taka ƙafar mai ciwo ya kan ɗaga kai sama, in ya taka mai lafiya ya sauke. In yana tsaye ko yana zaune, dagin ya kan juya waje.

Sau da yawa ƙafafun biyu ne ke da ciwon. To, a nan ba za ka ga ɗingishi sosai ba, domin ba shi da ƙafar da zai jingina a kanta. Sai dai ka ga takunsa gajere ne, yana saurin gajiya, yana son kwanciya, ba ya son saukowa daga tudu. Sai a ce rago ne.

Targaɗe ya kan zo farat ɗaya, ya kuma wuce cikin kwana kaɗan in an huta. Wannan kuwa a hankali ya ke zuwa, ya tafi, ya komo. Mai gadin da ya lura da haka, ya gaya wa mai gida tun da wuri. In ya iya rubutu, ya rubuta ranar da ya fara gani, da ƙafar da abin ya shafa, da lokacin da ya fi tsanani. Likita zai yi murna da takardar nan, shi ma ta wanke shi daga zargi.

In za ka duba ƙafar, ka fara sa wa kare takunkumi, ko ka ɗaure bakinsa da tsumma, domin mai jin zafi ya kan ciji ko da ubangidansa. Ka duba dagi da tsakanin yatsu, ko akwai ƙaya ko kaska ko yanka. In ba kome, ka lanƙwasa gwiwar a hankali ka miƙar. Mai ciwon ya kan janye ƙafa ko ya yi ƙara. In ka gama ka wanke hannu da sabulu.

Amma fa a yi hattara. Karen da ya sake hali, yana tangaɗi, yana dalalar da miyau, ƙafafunsa na baya suna mutuwa, kada kowa ya taɓa shi. Wannan alamar haukan kare ce, mai kashe mutum. A kange shi, a kori yara, a sanar da ma'aikatan dabbobi nan da nan. Ko wane kare yana bukatar allurar rigakafin hauka tun yana wata 3, a kuma riƙa sabuntawa.

Magani

Maɗori ba shi da aiki a nan. Ba karaya ba ce da za a ɗora, ba gocewa ba ce da za a ja a mayar. Ja da murɗa sai su ƙara ɓarna. Lalas da tsaga ma fata kawai su ke ci, guntun ƙashin yana can ciki.

Kada kuma a ba kare maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da diclofenac su kan gyambace cikin kare, su lalata ƙodarsa. Farasitamol in ya yi yawa ya kan ɓata hantarsa. Akwai magungunan zafi da aka yi don karnuka, likita ne ke auna su gwargwadon nauyi.

Likita zai ɗauki hoton ƙashi, na ƙafafun duka biyu. Asibitocin koyar da likitancin dabbobi na jami'o'i, kamar na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, irin wuraren da a ke neman wannan ke nan. Ƙugiyar da ba ta haɗe ba tana fitowa sarai a hoto in an lanƙwasa ƙafar. Guntun leɓe kuwa ya kan ɓuya a bayan ƙashin gaba. A inda a ke da kayan aiki, a kan yi wani hoto mai zurfi da a ke kira siti-sikan, ko a zura wani siririn madubi cikin gaɓar a leƙa.

In an ga guntu, a kan sa kare barci a cire shi. Ƙugiya a kan ɗaure ta da ƙusa, ko a cire ta. Wani lokaci a kan yanke ƙashin baya da gangan, don ya saki ya zauna daidai da ɗan'uwansa. Aikin ya fi amfani in an yi shi da wuri, kafin guringuntsi ya cinye. Duk da haka a san gaskiya, gwiwar ba ta komawa sabuwa. Zafi ne ke raguwa.

Wanda ba shi da halin aiki, akwai abin da zai yi a gida, kuma ba ƙaramin taimako ba ne. A rage wa kare ƙiba. A riƙa zagayawa da shi da igiya kullum, tafiya kaɗan-kaɗan a kan ƙasa mai laushi, maimakon a ɗaure shi kwana shida ran na bakwai ya yi ta sukuwa. A hana shi tsalle daga mota da katanga. A shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo. Da haka karnuka da yawa su kan yi shekaru suna gadinsu.

Kwanciya a kan siminti ma tana da nata aibi. Ta kan sa kanta a tsinin gwiwa, wani lokaci har wurin ya tara ruwa ya yi ƙululu mai taushi. Wannan a waje ya ke, ba cikin gaɓa ba, kuma yawanci ba ya sa ɗingishi. Kada a yi masa sakiya, sai ya zama gyambo. Shimfiɗa mai laushi ya ke so.

Namu na gida

Karnukanmu na farauta da na makiyaya ba su da nauyi. Yawancinsu ba su wuce kilo 20 zuwa 25, jikinsu siriri, ƙafafu dogaye. Ciwon gadon nan bai cika kama masu irin wannan ƙira ba. Maharbi kuma ba ya neman 'ya'yan karen da ba ya gudu, ta haka ya tace irinsa tun bai san sunan ciwon ba.

Amma akwai hanyar da gwiwar karen gida ke karkacewa, ita ce duka. Yawancin tsawon ƙashin baya, wajen kashi 85 cikin 100, daga wuri guda ya ke fitowa, can ƙasa kusa da wuyan hannu. Wurin nan ba ya jure bugu. In an maka wa kwikwiyo sanda a nan, ko babur ya buge shi, ko ya faɗo daga bisa, wurin ya kan rufe tun lokaci bai yi ba. Kwikwiyon ya yi ɗingishin kwana biyu ya warke, kowa ya manta. Bayan 'yan makonni sai a ga ƙafar tana gwamewa. Ƙashin gaba yana ta girma, na baya ya tsaya ya riƙe shi, sai ya tanƙware kamar baka. Gwiwar ma ta goce. In an kai shi asibiti yana kan girma, likita ya kan iya yanke ƙashin baya ya saki na gaba. A hana yara jifa da dukan kwiyakwiyai.

Maharbin da ke son haɗa karyarsa da ƙaton karen birni, ya fara kallon tafiyar karen da sassafe, sa'ad da ya tashi daga barci. Ya tambaya ko an taɓa ɗaukar gwiwarsa hoto. A Ingila ba a auna gwiwa sai kare ya cika shekara 1, a Amurka kuwa OFA ba ta ba da takardar shaida sai ya cika shekara 2. Saboda haka in mai sayar da kwikwiyo ɗan wata biyu ya ce an duba gwiwarsa lafiya lau, maganar ba ta da kan gado. Takardar uwar da ta uban za a nema. In babu takarda, a ce a fito da su a ga tafiyarsu, a kuma tambayi labarin 'ya'yan da suka haifa bara.